Haihuwar Inugu, Fasfon Dawakin Tofa: Gyaran Bayanan Haihuwa Ga Mai Bizar Aiki A Waje

A unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu akwai mutane da yawa da fasfonsu ke ba da labarin da bai faru ba. An haifi yaro a Asata cikin Inugu, ya girma a bayan masallacin Owerri Road, yana jin Ibo kamar ɗan gari, amma shafin fasfonsa ya ce a Dawakin Tofa aka haife shi, garin da sai da Sallah ake kai shi gaida kakanni. Ranar haihuwar kuwa 1 ga Janairu ce, shekarar ma wataƙila an rage biyu ko an ƙara ɗaya. Muddin yana cikin Najeriya wannan bai cika hana shi cin tuwo ba. Rigimar takan taso ne bayan ya sami bizar aiki ya sauka Jidda ko Doha ko Landan, ran da aka nemi takardar haihuwarsa don ya ɗauko iyali, ko ran da ya je sabunta fasfo aka ce bayanansa sun saɓa da na lambarsa ta ɗan ƙasa, wato NIN. Daga nan sai zulumi: in ya gyara, bizar da ya sha wuya kafin ya samu tana iya girgiza, in ya bari, bai san ranar da abin zai fashe ba. Matsayin da ya fi ƙarfi a wannan al'amari shi ne a gyara, amma a faro daga tushen takardun a gida, kuma mutum ya sanar da ƙasar da yake zaune da bakinsa. Hukumomin waje sun saba da kuskure. Abin da ba sa yafewa shi ne su sami mutum ɗaya da labari biyu, su kuma gano da kansu.

Kafin a zargi kowa da ƙarya, ya kamata a dubi yadda aka yi takardun suka karkace. Zaman Hausawa a gabashin ƙasar nan ya haura shekara ɗari. Maharba giwa daga arewa sun kafa zango a Elele tun ƙarshen ƙarni na 19. Da aka gano kwal a Inugu a 1909, aka shimfiɗa layin dogo daga can zuwa sabuwar tashar jiragen ruwa ta Fatakwal a 1916, daga baya aka haɗe shi da arewa, sai fatake da mahauta da dillalan shanu suka bi layin suka zauna. Zaman ya yi ƙarfi har Malam Umaru Altine, Bafulatanin lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950 a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suka watsa wannan zama, aka gudu arewa aka bar gidaje da rumfuna da duk takardar da ke cikinsu. An dawo bayan yaƙi, an sake cika Bida Road da Ose da bakin gada a Anacha, da Gariki da Artisan a Inugu, da Diobu a Fatakwal da Oyigbo da ke gefenta. A Fabrairun 2006 Hausawan Anacha suka sake tsallaka gadar Neja zuwa Asaba don tsira da rai, a Oktoban 2020 kuma na Oyigbo suka ga nasu tashin hankalin. Iyalin da suka taɓa gudu da kayan jikinsu kaɗai, da wuya a sami katin asibitin ɗansu a akwati. Uban da ya ga haka kuwa yakan ɗauka dabara ita ce kowace takarda ta ɗansa ta nuna gida, wato arewa, inda za a koma in ta ɓaci.

Tsarin ƙasa ma ya tura shi ga hakan. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama inda ya ga dama a sashe na 41, ya hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa a sashe na 42, amma rabon guraben aiki da karatu da tallafi yana tafiya ne a kan jihar asali. Wanda aka haifa a Diobu, ko da kakansa ma a nan aka binne shi, da wuya ƙaramar hukumar wurin ta ba shi takardar shaidar asali, wadda kowa ya sani da indijin. Sai ya hau mota ya tafi Bichi ko Funtuwa ko Illela, mai unguwa ya shaide shi ta wajen ubansa, sannan a ba shi. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi rahoto guda a kan wannan rabe-rabe na ɗan ƙasa da baƙo a 2006, kuma har yau bai canza zani ba. Takardar nan tana cikin abubuwan da ake nema wajen yin fasfo, kuma a nan ne ake cakuɗa abu biyu da fom ya raba. Akwai gurbin jihar asali, akwai gurbin wurin haihuwa daban, amma yaron da ke cike fom a shagon intanet, ko ejan da aka ba kwangilar fasfon, yakan dubi indijin ya kwafe sunan ƙaramar hukumar a gurbin biyu. Mai fasfon bai karanta ba, ko ya karanta bai ga aibu ba, tunda shi ma in ka tambaye shi ɗan ina ne, Bichi zai ce.

Ta fannin ranar haihuwa abin ya fi haka faɗi. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a duk ƙasa, ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ta 1992 ce. Duk da haka binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista, wani binciken da aka yi tare da UNICEF a 2021 kuma ya sami kashi 57. Bahaushe bai rasa hanyar riƙe lokacin haihuwa ba. Uwa tana sane ranar Laraba ce, saura kwana uku Babbar Sallah, shekarar canjin kuɗin Buhari ko shekarar da Abaca ya rasu, kuma liman ya raɗa suna ran bakwai gaban jama'a. Rubutawa da kalandar Bature ce ba a yi ba. Da aka kai yaro makaranta malami ya kimanta, da jarrabawa ta zo aka sake kimantawa, da aka je kotu rantsuwar shekaru magatakarda ya rubuta abin da aka faɗa masa, inda ba a san rana ba ya sa 1 ga Janairu. Ba mu kaɗai ke yin wannan ba: Saudiyya ta daɗe tana sa wa 'yan ƙasarta da ba a san ranar haihuwarsu ba 1 ga Rajab. Sannan akwai wanda ya rage da gangan, don bautar ƙasa ba ta ɗaukar wanda ya haura 30 lokacin gama digiri, don kamfanoni na sa iyakar shekaru a tallar aiki, don ma'aikacin gwamnati na yin ritaya a 60. Mutum uku ke nan daban: wanda aka yi wa kuskuren rubutu, wanda aka kimanta masa, da wanda ya rage da saninsa. Hanyar gyara ɗaya ce a gare su, amma nauyin abin da zai biyo baya ya bambanta ƙwarai.

Shekaru da yawa takardun nan sun zauna lafiya da saɓaninsu saboda babu mai haɗa su wuri ɗaya. Wannan zamanin ya wuce. A 2007 Najeriya ta koma fasfo mai ƙwaƙwalwar lantarki da ke ɗauke da hoton fuska da zanen yatsu, a shekarar kuma aka kafa hukumar NIMC mai ba da lambar ɗan ƙasa. A 2014 Babban Banki ya kawo BVN. A Disamban 2020 aka ba da umarnin haɗa layin waya da NIN, jama'a suka yi dafifi a cibiyoyin rajista, aka riƙa shigar da bayanai da gaggawa. Wasu suka faɗi ranar da ke takardar makaranta, wasu suka faɗi ta gaskiya, kaɗan ne suka tuna su dubi abin da ke tsohon fasfonsu. Yau Hukumar Shige da Fice ba ta buga fasfo sai bayanan mai nema sun dace da na NIN ɗinsa. Ke nan wanda ya fita da fasfo mai shekara biyar, ran da ya je ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda ko babban ofishin Landan don sabuntawa, kwamfuta ce za ta tsayar da shi tun kafin jami'i ya ɗaga kai. Ga mutane da yawa, zaɓin a yi shiru ya riga ya kuɓuce. Abin da ya rage musu shi ne wace takarda za a daidaita da wace.

A nan ya kamata a san cewa rana da wuri ba nauyinsu ɗaya ba. A ƙasan shafin bayanai na kowane fasfo akwai layi biyu, kowanne mai harafi 44, waɗanda na'ura ke karantawa bisa ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. Suna yana ciki, lambar fasfo tana ciki, ranar haihuwa tana ciki har da lambar tantance ta. Garin haihuwa ba ya ciki. A saman shafin kawai yake, inda ido ke karantawa. Saboda haka da suna da ranar haihuwa ake neman mutum a rumbun bayanan kamfanin jirgi da na 'yan sandan iyaka da na banki da na inshorar lafiya. In ranar ta canza ko da kwana ɗaya ne, a wurin na'ura wani mutum ne daban ya zo da yatsun wancan. Garin haihuwa kuwa yakan kwanta shiru har zuwa ran da mutum ya nemi zaman dindindin ko takardar zama ɗan ƙasa ko ɗauko mata da 'ya'ya, lokacin da za a jera takardar haihuwa da ta aure da fasfo a tebur ɗaya, wata ta ce Inugu wata ta ce Kano. Wanda wurin ne kawai ya karkace masa yana da sarari ya jira lokacin sabunta fasfo. Wanda rana ce, lamarinsa ya fi gaggawa kuma ya fi buƙatar taka-tsantsan.

Najeriya ta taɓa ɗanɗana wannan a idon duniya. A 1989 FIFA ta dakatar da ƙasar nan shekara biyu daga gasannin matasa, ta kuma ƙwace mata damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991, saboda ranakun haihuwar 'yan wasa uku da aka kai gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar musu a gasannin baya. FIFA ba ta je asibitin da aka haife su ba, ba ta kuma tantance wace rana ce ta gaskiya ba. Takarda biyu ta ajiye gefe da gefe, saɓanin ya wadatar. Haka jami'in biza yake aiki. Dokar shige da fice ta Amurka tana hana shiga har abada ga wanda ya ba da bayanin ƙarya da gangan a kan abin da ke da tasiri ga ba shi biza. Kanada tana hana shekara biyar, Birtaniya tana iya hana shekara goma a kan yaudara. Duk wanda ya karanta dokokin nan da natsuwa zai ga tambaya biyu ce ke yanke hukunci: da gangan aka yi, kuma da an faɗi gaskiya da sakamakon ya canza? Ma'aikaciyar jinyar da ejan ya rubuta mata Katsina maimakon Anacha ba ta sami wata riba da hakan ba, ƙasar haihuwarta dai Najeriya ce. In ita ta kai maganar da hujjojinta, kuskuren ofis ne. In jami'i ne ya tono bayan ta sa hannu a fom uku tana maimaita abin da ta san ba haka ba ne, sai tambayar ganganci ta buɗe.

Masu cewa a bar kaza cikin gashinta suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa igama, wato katin zama na Saudiyya, da kwangilar aiki da asusun banki duk sun tafi a kan ranar da ke fasfo, kowa ya yarda da ita, me zai sa mutum ya tayar da abin da ya kwanta? Ga wanda duk takardunsa, na gida da na waje, suka haɗu a kan rana ɗaya da aka kimanta masa tun yana yaro, kuma ba shi da wata shaida da ta fi ta ƙarfi, wannan shawara daidai ce. Ranar da kotu ta amsa, hukuma ta rubuta, ita ce ranarsa a doka, kuma tunanin wata gwaggo cewa da damina aka haife shi bai isa a rushe ta ba. Amma hujjar tana rushewa da zarar takardun sun kasu biyu. Mai NIN da ta ce 1990, fasfo ya ce 1993, takardar sakandare ta goyi bayan NIN, ba shi da kazar da zai bari. Lokaci kawai yake saye, kuma kowane fom da ya sake cikewa a waje yana ƙara yawan wuraren da za a gyara daga baya, yana ƙara wa bayaninsa wahalar shiga kunne.

Gyaran daga ƙasa yake farawa, fasfo shi ne kusan na ƙarshe. Abu na farko shi ne tara shaidar da aka rubuta kusa da lokacin haihuwar, domin ita ce jami'i ke girmamawa: katin awo na uwa, katin rigakafi, rajistar ɗakin haihuwa a asibitoci irin su Park Lane a Inugu, Borromeo a Anacha ko tsohon Braithwaite a Fatakwal, da rajistar shiga firamare. Rantsuwar kotu da aka yi makon jiya tana da amfani, amma kowa ya san abin da mai rantsuwa ya faɗa ake rubutawa, don haka ita kaɗai ba ta da ƙarfi a waje. Da waɗannan ake zuwa Hukumar Ƙidaya: wanda aka yi wa rajista yana yaro yana da takardar haihuwa, wanda aka haifa kafin dokar 1992 ko ba a taɓa yi masa rajista ba sai ya nemi takardar tabbatar da haihuwa, tare da rantsuwar Babbar Kotu. Daga nan sai NIMC ta gyara NIN, kuma tun Mayun 2025 kuɗin gyaran ranar haihuwa ya haura naira 28,000. Sai bayan NIN ta nuna sabon bayanin ake neman canjin bayanai a Hukumar Shige da Fice, wanda yawanci sai hedikwata a Abuja ta amince, kuma sabon littafi ake bugawa, ba a karce tsohon. Daga 1 ga Satumban 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne a cikin gida, mai shafi 64 na shekara goma naira 200,000, a ofisoshin waje kuma dala 150 da dala 230. Tara takardun asibiti da na makaranta aiki ne da ɗan'uwa a gida zai iya yi. BVN da asusun fansho su ma a bi su, kada a toshe ƙofa ɗaya a bar taga a buɗe.

Rabin aikin ke nan. Bizar aiki a ɗaure take da lambar tsohon fasfo da bayanan da ke cikinsa, kuma Najeriya ba ta aika wa wata ƙasa saƙo cewa ta gyara wa wane ranar haihuwa. Mai fasfon ne zai kai labari. A Saudiyya, mayar da bayanan sabon fasfo kan igama yakan bi ta hannun kafili ko kamfani a manhajar Absher ko Muqeem, amma in ranar haihuwa ko suna ya canza, maganar takan kai ofishin Jawazat, kuma ana neman wasiƙar ofishin jakadanci da ke tabbatar da cewa mai tsohon fasfo da mai sabo mutum ɗaya ne. Don haka wanda bai fara gaya wa kafilinsa ba ya soma daga inda ya kamata ya ƙare. A Birtaniya, tun da katin zama na BRP ya ƙare aiki a 31 ga Disamban 2024, izinin zama yana cikin asusun intanet na hukumar biza, kuma dole a shigar da sabon fasfo a ciki tare da shaidar abin da ya canza. Kamfanin da ya ɗauki nauyin ma'aikaci shi ma yana da bayanansa a nasa rumbun. A Amurka an yarda mutum ya yi tafiya da biza mai rai a tsohon fasfo haɗe da sabo, amma in bayanan littattafan biyu sun bambanta, hanyar da ba ta da haɗari ita ce neman sabuwar biza. Duk inda mutum yake, ya riƙe tsohon fasfon da aka soke, ya ajiye kwafin kowace takarda da rasiɗinta, ya rubuta gajeren bayani guda ɗaya na yadda kuskuren ya faru, kuma shi zai riƙa bayarwa ko'ina ba ƙari ba ragi.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Mafi munin lokacin fara gyara shi ne sa'ad da takardar sabunta biza ke gaban hukuma ana dubawa, ko saura 'yan makonni igama ta mutu. Mafi kyau shi ne lokacin da izinin zama ke da sauran watanni masu yawa. Tsakanin ranar da sabon fasfo ya fito da ranar da ƙasar zama ta daidaita bayananta, mutum ya haƙura da tafiya, ko bikin ƙanwa ne ko Sallah, domin ma'aikacin jirgi a Legas ko Fatakwal da ya ga fasfo da biza ba su dace ba zai hana shi hawa, kuma ba shi da ikon sauraren tarihi.

Akwai masu wata dabarar, kuma ita ce ta fi kowace haɗari. A bakin kusan kowane ofishin fasfo akwai mai cewa, “Alhaji, kawo kuɗi kawai, sati biyu za a fitar maka da sabo, ka ce wancan ya ɓace.” A zamanin fasfon hannu wannan ya yi wa wasu aiki. Yanzu yatsun da aka ɗauka a Abuja, an ɗauke su a filin jirgin Jidda, an ɗauke su a cibiyar bizar Birtaniya, kuma tun Oktoban 2025 ƙasashen Turai na yankin Shengen suka fara ɗaukar yatsu da fuskar baƙi a iyakokinsu. Yatsa ba ya canza ranar haihuwa tare da mai shi. Dokar Shige da Fice ta 2015 ta sa ba da bayanin ƙarya don samun fasfo, da riƙe fasfo biyu masu rai, cikin laifukan da ake ɗaure mutum a kansu. Wanda ya shiga ofis da kuskuren da wani ya yi masa, in ya bi ta hannun ɗan cuwa-cuwa, yakan fito da laifin da shi ya aikata da kuɗinsa.

Saura wanda ya rage shekaru da saninsa, kuma ba gaskiya ba ne a ce masa babu abin tsoro. In rage shekarun ne ya sa ya cika sharaɗin aikin ko na bizar, bayyana gaskiya yana iya jawo masa asarar su. Irin wannan kada ya taɓa ko takarda ɗaya kafin ya zauna da lauyan shige da fice mai lasisi a ƙasar da yake, ya gaya masa komai, domin shawarar abokin ɗaki ko ta ejan da ya kai shi ba ta kare kowa gaban hukuma. Sau da yawa za a tarar shekara biyun da aka rage don bautar ƙasa ba su da wata alaƙa da sharuɗɗan bizar, abin ya fi sauƙi fiye da yadda ake tsoro. Haka kuma akwai 'yan'uwanmu da ke zaune a unguwannin nan waɗanda a Maraɗi ko Damagaram ko Ƙonni aka haife su, fasfo ya ce Jibiya ko Illela. Wannan ya wuce batun gari, ya taɓa ƙasar haihuwa, wadda wasu ƙasashe ke gina hukunci a kanta. Sashe na 25 na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka haifa a waje, in ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Wanda ke da wannan hujja bai da dalilin ɓoye Maraɗi. Wanda ba shi da ita, matsalarsa ta fi ƙarfin gyaran shafi, shi ma lauya ne abokin shawararsa.

Tsoron da ya haifi yawancin wannan rikici, cewa in an rubuta Inugu yaro zai rasa gurbinsa a Kano, ba shi da tushe. A aikace asali ta wajen uba ake bin sa, wurin haihuwa ba ya soke shi. Mutanen Anacha su ne shaida: an haifi Nnamdi Azikiwe a Zungeru a 1904, kowane littafin tarihi ya rubuta haka, kuma bai hana shi zama Owelle na Anacha ba. A Zungerun aka haifi Odumegwu Ojukwu a 1933, ba wanda ya ce shi ba ɗan Nnewi ba ne. Babu dalilin da zai sa ɗan Bichi da aka haifa a Odoakpu cikin Anacha ya ji kunyar abin da su ba su ji kunyarsa ba. Ɓoyewar ma tana da wata asara da ba a lissafawa. Al'ummar da ta haura shekara ɗari a wuri, amma takardun 'ya'yanta duk suna cewa a wani wuri aka haife su, ta goge sawunta da hannunta. Duk ran da aka zo muhawara a kan haƙƙin mazauna, ko filin kasuwa da maƙabarta, ko gurbin makaranta, za a tambaye ta shaidar daɗewarta, rajistar haihuwa kuwa tana cikin shaidu mafi ƙarfi.

Saboda haka kiran yana kan sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa na Fatakwal da Anacha da Inugu. Doka ta ba da kwana 60 a yi wa jariri rajista, kuma Hukumar Ƙidaya tana da masu rajista a sakatariyoyin ƙananan hukumomi da manyan asibitoci. Liman da ya zo raɗin suna ya tambayi uban jariri ko an karɓo takardar, kamar yadda yake tambayar sunan da za a sa. A rubuta ranar da aka haihu da garin da aka haihu, a bar jihar asali a nata gurbin. Duk wanda zai nemi fasfo kuma, kafin ya biya ko kwabo, ya jera NIN da BVN da takardar haihuwa da ta makaranta ya karanta su layi-layi, in bai iya karatun boko ba ya sa ɗansa ya karanta masa, kada ya sa hannu a fom ɗin da bai ji abin da ke cikinsa ba.